Murfin Tayar Ƙaramin Jirgi: A Sa Ko A Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, ina haɗa jirgi mai ɗaukar mutum biyu, ƙirar RV-7 ta kamfanin Van's, a garejin gidana. Yanzu na zo kan ƙafafu. Wasu sun ce in sa wa tayoyin murfi, wasu sun ce wahalar banza ce. Filin da zan riƙa sauka na ciyawa ne. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sa. RV-7 yana gudun da ya haura kilomita 300 a awa, ita kuwa turjiyar iska, idan gudu ya ninka biyu, ninkawa take yi sau huɗu. Taya tsirara a irin wannan gudun asarar mai ce. Da a ce Zenith CH 701 kake haɗawa, wanda bai wuce wajen kilomita 130 ba, kuma aka yi shi don saukar daji da manyan tayoyi, da na ce ka riƙe kuɗinka.

Abin da mutane ke rainawa shi ne sandar ƙafar kanta. Zagayayyen ƙarfe ne, kuma zagayayyen abu yana tare iska kusan ninki goma na wanda aka fiƙe bayansa, ko da kaurinsu ɗaya. Saboda haka rigar sandar, wato murfi mai fiƙaƙƙen baya da ake sa mata, ba ta gaza murfin tayar amfani ba. Sai dai tana son natsuwa wajen ɗaurawa: ta ɗan karkace kaɗan, jirgin zai riƙa ja gefe ɗaya. Ka ɗaga jirgin, nauyi ya sauka daga ƙafafun kamar yana sama, ka ja zare don daidaita rigar, sannan ka huda.

Ciyawar ce matsalarka. Murfi yana tara laka da yayi, a lokacin hunturu kuma jiƙaƙƙiyar ƙanƙara kan daskare a ciki ta kama birki. Ka yanke bakin murfin yadda yatsanka zai shiga tsakaninsa da taya ta ko'ina, domin taya tana ƙara faɗi in ta daki ƙasa, ta tsaga faibar da aka yi murfin da ita. Ka kuma yi 'yar ƙofa daidai bakin iskar taya, in ba haka ba ƙiwar kwance sukurori za ta hana ka duba iska.

Tashin farko-farko dai ka yi su ba murfi, don ka ga ko man birki yana yoyo. In fili ya jiƙe, ka cire ka ajiye sai ya bushe.