Ruwan garai-garai ne, amma kifi na mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina noman rani, tumatir da albasa, a bakin wani ƙaramin rafi a yankin Kura ta jihar Kano. Bana mukan wayi gari mu tarar da karfasa sun taso sama suna haki, wasu a mace. Ruwan kuwa garai-garai yake, ba wari. A nan yaranmu suke wanka, a nan dabbobi suke sha. Yaya zan gane ko rafin nan lafiya yake? Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka hana yara shiga ruwan, kuma kada kowa ya ci kifin da aka tsinta a mace.

Lokacin da kake ganin abin, wato da wayewar gari, yana nuna wani abu. Takin zamani da ruwan ban-ruwa ke wankowa, musamman yuriya mai kashi 46 cikin 100 na naitirojin, yana ciyar da gansakuka. Da rana tana fitar da iskar oksijin, da dare ita da ruɓaɓɓen ganye su zuƙe ta, sai asuba ta yi kifi ba abin shaƙa. Ka lura da wanda ke mutuwa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, saboda haka in karfasa kaɗai ke mutuwa, ƙarancin iska ne ya fi kusa. In har da tarwaɗa da kwaɗi da ƙaguwa, kuma da rana tsaka, ka zargi guba.

Ka zaɓi wuri uku: sama da gonaki, daidai gonaki, da ƙasa da su. A kowanne ka ɗaga duwatsu da itatuwan da ke cikin ruwa ka duba ƙarƙashinsu. Inda ka ga ƙananan ƙwari masu jela uku, da tsutsar da ke gina wa kanta kube da yashi da tsinkaye, ruwan na da rai, don waɗannan ba sa jure ƙazanta. Inda ba komai sai jan tsutsa cikin baƙin taɓo da matsattsaku, an cuce shi. Ka maimaita bayan ruwan farko na damina, lokacin da ƙasa ke zubo abin da ta tara. In kuma akwai yaron da ke fitsarin jini, mai yiwuwa tsargiya ce daga ƙananan katantanwa, a kai shi asibiti.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, maganar "garai-garai" ɗin nan. Kullum sai na ji ta: ai ruwa mai gudu ne, yana tafiya da komai. Tafiya da shi ina? Wurin maƙwabcinka na ƙasa, wanda matarsa ke ɗiban ruwan girki. Maganin feshi ba ya bukatar ya canja launin ruwa kafin ya kashe. Rafin da guba ta share ƙwarinsa kan yi kyan gani a ido, kana hango yashin ƙasa, alhali ba abin da ke motsi a ciki. Mutum ya gama feshi, ya tsoma tankin goyo cikin rafi ya ɗauraye, ya jefar da kwalba a gefe, in ka yi magana ya ce launi bai canja ba, ɗanɗano bai canja ba, ruwan na da tsarki. Hukuncin alwala daban, guba daban. Addinin da yake kafa hujja da shi ai shi ne ya hana yin bahaya a mashayar mutane, ina ga zuba musu maganin ƙwari? Wasu ma da gangan suke zuba maganin ƙwari na Gamalin don su kwashi kifi, alhali tun 2009 Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda za a kawar. Ga masu tallar magani a kasuwar ƙauye, suna ɗura shi a gorar ruwa ba takarda ba awo, suna ce wa manomi ya ƙara murfi biyu "don ya yi ƙarfi". Wanda bai san sunan abin da yake sayarwa ba, me zai gaya maka game da kifi? Kuma kada wani ya yaudare ka da takardar gwajin ruwa ta tsoma-ka-gani. Tana nuna tsami da sinadarin taki, ba ta ganin maganin feshi. Wannan sai ɗakin gwaji.

Ka tara masu gonakin bakin rafin gaban mai unguwa ku yi yarjejeniya. A ɗebi ruwa da bokiti a haɗa magani nesa da gaɓa. A ɗauraye kwalba sau uku, a juye ruwan cikin tanki a fesa a gona, sannan a huda kwalbar don kada yaro ya mai da ita gorar sha. A daina nome gaɓa har bakin ruwa, a bar 'yan taku a dasa ciyawar jema, saiwarta tana riƙe ƙasa tana tare taki. In kifi ya sake mutuwa, ka ɗebi ruwan a kwalbar gilashi mai tsabta a ranar, ka kai wa malamin gona na yankinku.