Me Ya Sa Ake Adana Busasshen Tsiro Alhali Akwai Hoto?

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun ilimin tsirrai. Na ga an tara busassun samfura masu yawa na wani tsiron hamada mai suna Sphaeralcea ambigua, kowanne an manna shi a takarda. Shin hoto ba zai wadatar ba, kuma mene ne amfanin tara iri ɗaya sau da yawa?

Amsa: Wannan tsiro yana fitowa ne a hamadar Mojave da ta Sonora, wato kudu maso yammacin Amurka da arewa maso yammacin Meziko, kuma masanin tsirrai Asa Gray ne ya raɗa masa wannan suna a 1887. Danginsa ɗaya da kuɓewa da auduga da rama.

Hoto ba ya wadatarwa, domin abin da ke raba shi da 'yan'uwansa ba a fure yake ba. Furanninsu duk sun yi kama, kuma nau'o'in sukan yi barbara da juna, har a sami tsiron da ya ɗebo siffar wannan da ta wancan. Masani yakan duba ɗan da ya nuna, wanda ke rabuwa gida-gida, kowane gida ƙasansa da zane kamar raga, samansa kuwa sumul, sannan ya auna girman sassan biyu. Yakan kuma duba gashin ganyen mai siffar tauraro da gilashin ƙara girma. Saboda haka samfurin da aka ciro da fure kawai, babu ɗa, a ganina rabin aiki ne.

Yawan samfuran kuma shi ke nuna iyakar bambancin da ke cikin nau'i ɗaya, daga wannan kwari zuwa wancan tudu. Da irin wannan kwatance wani masanin tsirrai, Thomas Kearney, ya tantance nau'o'in Sphaeralcea na Arewacin Amurka a 1935, kuma har yau ana iya komawa ga samfuran da ya duba a sake hukunci.

Sai dai bushewa tana dusashe launi. Yawancin furen ruwan lemo ne, amma a cikin nau'in akwai wani rukuni da ake kira rosacea mai launin hoda ko shunayya mai haske, don haka wajibi ne mai tarawa ya rubuta launin tun a daji, tare da wuri da kwanan wata da sunansa. A nan ne hoto yake da amfani, idan an haɗa shi da samfurin.