Allurar tsofaffi a Bronx, da wanda ke biyan kuɗinta

Yaya, na ji saƙonka na murya, inda kake mamakin yadda na bar aiki na kai dattijon maƙwabcinmu a yi masa allura alhali lafiyarsa ƙalau, kana kuma tambayar wa ya biya. Da gaskiyarka. A gida rigakafi na yara ne da masu juna biyu, sai na sanƙarau da ake yi wa maniyyata. A nan Bronx kuwa, a birnin New York na Amurka, tsoho ma yana da nasa.

Ciwon shi ne sanyin haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya. Mun taso muna ɗora laifinsa a kan iska da wankan asuba, amma ƙwayar cuta ce ke shiga huhu, kuma sau da yawa mura ce ke share mata hanya. Saurayi ya kwanta mako guda ya miƙe. Wanda ya haura saba'in, ga suga ga ciwon zuciya, sai dai ka ji an ce yana asibiti an sa masa iskar numfashi. Na tsaya a maƙabarta cikin ƙanƙara muna binne wani bawan Allah da tari kawai ya fara da shi, tun ranar ban sake wasa da maganar nan ba.

Batun kuɗi kuwa, akwai inshorar gwamnati mai suna Medicare, da aka kafa tun 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65. Ɓangarenta na ganin likita, wanda suke kira B, shi ke ɗaukar allurar nimoniya da ta mura. Ranar da muka je, kemis ɗin unguwa kawai muka shiga. Dattijon ya zaro katinsa mai ja da fari da shuɗi daga cikin ledar da yake ajiye fasfo, ya naɗe hannun riga, aka yi masa allurar nimoniya mai suna Prevnar 20 a dantse, muka fito ko sisi bai bayar ba. Yawanci sau ɗaya ake yin ta, ba kamar ta mura ba da ake sabuntawa duk shekara. Sai dai kada ka ɗauka kyauta ce daga sama: a 2025 dala 185 ake cire wa yawancin mutane duk wata daga fanshonsu saboda wannan ɓangare.

A watan Oktoban 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sauko da shekarun allurar daga 65 zuwa 50, don haka ni ma na yi tawa. Inshorar wurin aiki ce ta biya, domin dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta wajabta wa kamfanonin inshora biyan ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardu. Galibi sai mutum ya yi shekara 10 yana aiki yana biyan haraji kafin ɓangaren kwanciya asibiti ya zama ba biya a gare shi. Dattawanmu da yawa, ’yan Kano da na Damagaram da ’yan zangon Kumasi, tasi suka tuƙa ko tireda suka tsare, kuɗi hannu da hannu, duk abin da aka samu a tura gida. Sai da tsufa ya zo aka duba, aka tarar shekarun ba su cika ba. Ga kuma lokacin rajista, wata 7 ne kacal a kewayen ranar cika 65. Wanda ya makara ba tare da uzuri ba, ana iya ƙara masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin wata-wata na ɓangaren B a kan kowace shekarar da ya ɓata, kuma ƙarin ba ya sauka. Shi ya sa a masallacinmu muke riƙe ranar haihuwar kowane dattijo, abin da a gida ba mai lissafa shi. In lokaci ya matso, bayan sallar Juma'a yaran da aka haifa a nan su zauna da shi da waya su cike masa takardu. A ganina wannan ya fi duk wani taron ƙungiya da muke yi amfani.

Wanda ba shi da takardar zama kuma, muna nuna masa NYC Care, shirin asibitocin birni da aka fara a nan Bronx a 2019. Iyayen da suka zo ganin jikoki ba su da Medicare, allurar kuma a kemis ta haura dala 200, sai ’ya'ya su biya, in abin ya yi nauyi a yi karo-karo.

Yanzu Inna ce a raina, ga hunturu na tafe, ga tarin nan nata. Don Allah in kun je ganin likitanta ka tambaye shi ko ana samun allurar ta manya a nan Kano, da nawa take, in turo kuɗin. Ka gaida mini ita da yara.