Karen gadi da yara a gida ɗaya: abin da doka ta ɗora wa mai kare

Tambaya: Ranka ya daɗe lauya, ina zaune a Garwa da iyalina, yarana ƙanana ne. Saboda ɓarayi na ajiye karen gadi, ga yaran maƙwabta suna shigowa wasa. Idan ya ciji wani, Allah ya kiyaye, mene ne matsayina?

Amsa: Amin, Malam. Sashe na 1385 na dokar farar hula da ake aiki da ita a nan arewacin Kamaru ya ce mai dabba, ko wanda yake amfani da ita a lokacin, shi ke biyan ɓarnar da ta yi, tana hannunsa ne ko ta ɓace ko ta tsinke. Iyayen yaron ba sai sun nuna ka yi sakaci ba; su nuna karenka ne ya yi cizon, shi ke nan. Cewa bai taɓa cizon kowa ba, ba hujja ba ce. Barinsa a hannun maigadi ma bai fitar da kai ba, tunda ma'aikacinka ne. Za ka iya cewa wanda aka ciza ne ya tsokani karen, amma a kan yaro ɗan shekara huɗu, ban ba ka shawarar dogaro da wannan ba.

Akwai kuma ɓangaren laifi. Sashe na 289 na dokar hukunta laifuffuka ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, ko tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko duka biyun, ga wanda sakacinsa ya jawo mutuwa ko mummunan rauni. Sashen bai ware ɗan cikinka ba.

Don haka ka yi wa karen keji mai sakata wadda hannun yaro ba ya kaiwa, a sake shi sai dare bayan an rufe ƙofa. Kada a bar shi da yaro babu babba, musamman yana cin abinci, yana barci, ko karya tana da 'ya'ya. Allurar haukan kare daga wata 3, a riƙa sabuntawa, ka adana katin likitan dabbobi: shi za a fara tambayarka.

In cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti ranar. Akwai reshen Cibiyar Pasteur, mai binciken cututtuka irin su haukan kare, a Garwa. Kada ka kashe karen ko ka ɓoye shi, likitan dabbobi zai sa masa ido kimanin mako biyu. Ka biya kuɗin magani, ka riƙe rasit. In an yi sulhu gaban jauro, wato mai unguwa, a rubuta adadin kuɗin da abin da ya ƙunsa, kowa ya sa hannu da shaidu. Sulhun yana kashe maganar diyya, amma ba ya hana mai gabatar da ƙara bin laifin idan raunin ya yi tsanani.