Lauyan da kotu ta ba ƙanena a Amurka, ashe biya ake yi?

Tambaya: Barista, ƙanena yana zaune a jihar Florida. An kama shi, kotu ta ba shi lauya saboda ba shi da hali, aka yanke masa hukunci. Yanzu ga takarda wai ana binsa kuɗin lauyan. Za a ɗaure shi idan bai biya ba?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo masa sauƙi. Bashin yana da tushe a doka. Tun 1963, a shari'ar Gideon, Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa jihohi su ba marar hali lauya. Sai dai a 1974, a shari'ar Fuller da jihar Oregon, ta yarda jiha ta nemi kuɗinta daga baya a hannun wanda ya samu halin biya. Jihar Kaliforniya ta soke irin wannan kuɗi a 2021, Florida kuwa tana nan tana karɓa.

A can, kuɗin neman a ba mutum lauyan kaɗai dala 50 ne. Idan aka samu mutum da laifi, sai a ƙara aƙalla dala 50 a ƙaramin laifi, dala 100 a babba. Alƙali na iya zarce haka, amma sai da hujja, kuma ƙanenki na da damar ya ƙalubalanci ƙarin.

Batun ɗauri, ki kwantar da hankali. Hukuncin Kotun Ƙolin a shari'ar Bearden a 1983 ya hana a kulle mutum don talauci kawai. Dole alƙali ya bincika ko rashi ne ya hana shi ko taurin kai. Abin da na fi jiye masa shi ne ya jefa takardar a aljihu ya yi shiru. Bayan kwana 90 ana iya miƙa bashin ga kamfanin karɓar bashi, wanda doka ta bari ya ɗora har kashi 40 cikin ɗari, kuma lasisin tuƙinsa na iya tafiya. A Florida, wanda ba ya tuƙi da wuya ya riƙe aiki.

Ya je ofishin magatakardar kotun da takardun albashinsa da na haya, ya nemi a tsara masa biya wata-wata. Idan ko hakan ya fi ƙarfinsa, ya roƙi alƙali a mayar da bashin aikin al'umma. In kuma bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, ya nuna wa lauyan shige da fice hukuncin da aka yanke masa kafin ya yi wata tafiya.