Amsa: Da wane fim ɗin Pedro Infante zan fara?

Ɗan'uwa kana tambaya wane fim ɗin Pedro Infante, jarumin fim kuma mawaƙin ƙasar Meziko, ya kamata ka fara kallo tunda ba ka jin Sifaniyanci. Ka fara da Nosotros los pobres na 1948, wanda Ismael Rodríguez ya ba da umarni. A ciki Infante ya fito a matsayin Pepe el Toro, kafinta talaka a wata unguwar marasa ƙarfi a birnin Meziko, kuma rawar ta zauna masa sosai don shi ma kafinta ya yi a garin Guamúchil na Meziko tun yana yaro kafin waƙa ta ɗauke shi.

Amma fa ka nemi mai fassara a rubuce a ƙasa, ni da na fara kallo babu fassara rabin maganar ta wuce ni saboda yaren 'yan unguwa suke yi kuma da sauri, sai waƙoƙin ne suka riƙe ni, musamman wurin da yake aiki a shagonsa yana rera Amorcito corazón yana fito, wallahi na maimaita wurin ya fi sau biyar. In ka gama sai ka nemi Tizoc, shi ne ya ba shi kyautar gwarzon jarumi a Berlin a 1957, bayan ya rasu a haɗarin jirgin sama a birnin Mérida na Meziko yana da shekara 39.