Me yaran Yahudawa ke samu a sansanin dogon hutu?

Malam, ka tambaya me yasa Yahudawan Amurka ke kashe kuɗi sosai wajen tura yaransu sansani lokacin dogon hutu. Gaskiya abin ya wuce wasa da iyo. Yaron da wataƙila shi kaɗai ne Bayahude a ajinsu, sai gashi sati huɗu ko takwas cikin 'yan uwansa, abinci kosha (wanda addininsu ya halatta), addu'ar safe tare, waƙoƙi da Ibrananci, Juma'a da yamma a sa fararen kaya a tarbi Asabar, ranarsu mai tsarki, to nan addinin ke shiga jiki. Camp Ramah, ɗaya daga cikin irin waɗannan sansanonin, a 1947 aka fara shi a jihar Wisconsin, 'yan Reform (ɓangaren Yahudawa masu sassauci a addini) suka buɗe nasu a 1952 a jihar dai. Da yawa cikin yaran in sun girma sukan dawo kula da ƙanana, daga cikinsu ake samun malaman addini da shugabannin al'umma, wasu har su auri juna.

Kar dai ka ɗauka duk ɗaya ne, na Orthodox (masu tsananta bin dokokin addini) daban, na Reform daban, ko kan batun Isra'ila ra'ayinsu ba ɗaya ba. In bincike kake, nemi rahotannin ƙungiyar Foundation for Jewish Camp mai tallafa wa irin waɗannan sansanonin, ko ka tuntuɓi malamin jami'a masanin addinin Yahudu.